Ruwan Sama na Saye

A fim ɗin, mutumin na tsaye cikin ruwan sama,
riga ta manne masa a ƙirji,
jirgin ƙasa na tafiya da wadda yake so.

Mu kuwa Mabera muke, tsakiyar bazara,
rana ta dafa kwalta har tana riƙe takalmi.
Marwanu ya aro kwat ɗin kawunsa mai warin kafur,
Lawwali ya hau katanga da garwar ban-ruwan albasa.
Jirgin ƙasanmu kurar mai ruwa ce,
jarka goma, mun sayi biyu.

"Ɗaga haɓa. Kar ka ƙifta."
Ya ƙifta.
Sau bakwai yana ƙiftawa, ruwa ya ƙare,
wayata ta ɗau zafi kamar dutsen guga.

Inno ta leƙo daga zaure:
"Mi kuka yi haka da ruwan kuɗi?"

Da dare na duba hotunan.
Marwanu dishi-dishi ya fito, kamar wanda ake mantawa.
Amma can gefe, inda ban nufa ba,
jar akuyar maƙwabta ta ɗaga kai sama,
baki buɗe.
Ita kaɗai ta yarda damina ce.