Kusurwar da Na Bari

Tun assalatu na naɗe shi, na ɗaure da igiyar shanya.
Kwandasta a tashar Soba ya ɗaga, ya ce, "Hajiya, dutse ne?"
Na ce, "Shekara uku ce, yaro, ɗauka a hankali."
Ya karɓi kuɗin mutum biyu.
Na biya. Ai mu biyun ne.

Rigasa na fara sauka, gidan Lantana,
wadda ban sani ba sai muryarta a waya.
Ta fi muryar tsufa. Ni ma haka ta ce mini.
Ba mu gama gaisuwa ba ta kife bargona,
don mai ɗinki ba ta yarda da fuska, baya take dubawa.
Ta bi layin zare da farce, ta tsaya:
"Nan kina fushi."
Ta matsa kaɗan: "Nan fitila ta mutu, kika ƙi kwanciya."
Ban musa ba.

Kasuwar Barci, ban ga mai barci ba,
kekuna ɗari na taunar yadi lokaci guda.
Shagon Malam Tanimu taku uku ne tsawonsa,
amma ƙyalle buhu kan buhu har rufi:
ragowar shaddar ango, bakin atamfar suna,
leshin da almakashi ya raba da danginsa.
Yana aunawa a sikeli kamar mahauci,
ya yi mini gyara da ruwan ɗorawa, faɗin tafin hannu.
Na nemi shuɗi mai ganyen rogo,
na kusurwar da na bari ba cikawa.
Ya girgiza kai. "Tun da masaƙa ta rufe, Hajiya."

Na ƙetare gada, kogi ya cika ya yi ja.
A Sabon Tasha, Rifkatu 'yar Kagoro
ta dafa mini shayi da cittar Kaciya har na yi ƙwalla.
Ita murabba'i take jerawa, ni mai kusurwa uku,
muka yi gardama har magariba, ba wadda ta ci.
Ta shimfiɗa mini sabon zanenta na yi salla,
ta soke allurarta a gefen mayafina, ta ce guzuri.

Ran Asabar aka yi bajekolin,
harabar wata firamare a Kakuri.
Igiya daga darbejiya zuwa mangwaro,
barguna sun fi sittin suna shan iska,
kowanne da gidan da aka yanko shi.
Bayan katanga bututun masaƙa na tsaye, ba hayaƙi.
Shekara goma sha tara jiniyar nan na tashin maigidana.

Wani tsoho mai tabarau ɗaure da zare
ya tsaya gaban nawa, ya daɗe.
Ya wuce aljihun kaki, ya wuce wuyan rigar Idi,
ya ɗora yatsa kan ganyen rogo.
"Ni na dama wannan shuɗin.
Rabe ne kan inji a makon."
Ni kuwa ban faɗa wa kowa sunan ba.
Na ce, "Ranar albashi ya kawo mini turmin."
Ya laluba aljihu ya zaro hankici,
ya koɗe, ya sha zufa, gefensa ya zare,
amma ganyen na nan, uku da rabi.

Lantana ta riƙe gefe, Rifkatu ta zura zare,
na cika kusurwar a tsaye, rana na dukan ƙeyata.
Ɗinkin ya karkace. Na bar shi a haka.

Wata yarinya daga Kafancan ta ci keken ɗinki,
ta kuma cancanta, na duba bayan nata.

A tashar Kawo wani kwandastan ya ɗaga,
shi ma ya ce kuɗin mutum biyu.
Na miƙa masa da sauri
kafin ya gane mun fi haka yawa.