Ƙirga Daga Sifili

Ruwan Agusta ya ƙi bin indararo,
ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa,
ya sami littafin adashin Inna a gindin gado
ya lashe tawadar wata huɗu.
Da safe Lantana ta ce ta zuba,
Tabawa ta rantse ita ma ta zuba.
Inna ta shanya shafuka a igiya kamar kayan jariri,
ba shafin da ya ba da shaida.

Abin da ya kai ni shagon Sagir ke nan,
bayan Ƙofar Marusa:
benci ɗaya, kwamfuta uku,
fanka mai kuka kamar an taka mata wutsiya.

Ranar farko ya ce, "Sa wayar ta yi sallama."
Na buga layi guda, allo ya yi jajir.
Na sake, ya ƙara ja.
Ashe baka na buɗe ban rufe ba.
"Wannan yaren ba ya kara," in ji Sagir,
"ba ya cewa ai na gane nufinki.
Ƙofar da kika buɗe, ke za ki ja ta."

Sai mazubi.
Ƙwarya ce, ya ce, raɗa mata suna,
faɗa mata abin da za ta ci.
Ta lamba ba ta karɓar suna,
ko da kin haɗa ta da Allah.
Na raɗa wa uku: zubi, kwasa, bashi.
Ta ukun ta riga sauran cika.

Sai sharaɗi.
In ta zuba, a yi mata alama,
in ba haka ba, a tura mata tuni.
Na karanta wa Inna tana tsince shinkafa,
ba ta ɗago ba ta ce,
"In ba haka ba, a fara tambayar lafiyar ɗiyanta."
Na duba darasin gaba da baya,
ban ga inda ake rubuta wannan ba.

Jeri kuwa daga sifili yake farawa.
Hansai, mai shekara tara a adashin,
ita ta faɗa gurbin.
"Mi? Hansai ce ba kowa ba?
Rufa mana asiri, kar ta ji."

Zagaye ne ya fi kama da gidanmu:
kowa ya zuba, ɗaya ya kwasa, a koma.
Na manta ban ce masa ga inda zai tsaya ba.
Waya ta ɗau zafi kamar dutsen guga,
Dela ta kwashe adashi sau dubu sha ɗaya
kafin caji ya ƙare ya raba gardama.

Daren Laraba, an kawo wuta ƙarfe biyu,
na danna, na runtse ido.
Ba ja.
Sunaye sha biyu suka jeru a fasasshen gilashi,
kowace da ranarta.

Inna ta goge hannu a zane,
ta taɓa sunan Tabawa da ɗan yatsa mai lalle,
alama ta fito.
Ta taɓa, ta goge. Ta sake taɓawa.
Ta daɗe ba ta ce komai ba.

Washegari ta aike ni kasuwa
in sayo sabon littafi mai bango,
da leda biyu.
"Waya ma," ta ce, "tana jin ruwa."