Ambulan Ruwan Ƙasa

Saƙon ya shigo wayata bayan isha'i:
"An ɗauke ka aiki a matatar mai."
Ni da ban taɓa kai takarda can ba!
Amma yunwa ba ta tambayar wa ya tuƙa tuwo.

Dubu tamanin, kuɗin fom da na likita.
"Gurbi uku ne kacal, kada kowa ya ji,
ka turo kafin azahar."
Iya Asabe ta kai keken ɗinkinta Kasuwar Barci,
ta dawo da kuɗi ƙulle a bakin zane.

Ran Litinin na goge rigar aro,
daga Tudun Wada sai wani bene a Kakuri.
Mutum goma sha bakwai na tarar,
kowa da ambulan ruwan ƙasa a hammata,
kowa an ce masa gurbi uku ne.
Ƙofa da kwaɗo. Waya a kashe.
Asusun ma, sunan wata mata ne,
sai a lokacin na lura.

Baba Ɗanjuma mai gadi ya miƙo mini ruwa.
"Shekara ashirin na yi a masaƙa,
ban taɓa sayen gumina ba.
Aiki ke biyan mutum, yaro.
Duk wanda ya ce yi sauri, yi shiru,
aljihunka yake wa ganawa."

Na tako gida a ƙasa.
A ɗakin Iya, inda keken yake dā,
sawun ƙafafunsa huɗu na nan a siminti.