Sai Bayan La'asar

Talle direba ya leƙo zaure, ya auna da ido,
ya ce daga Majiya zuwa Jalingo
firijin nan wurin mutum uku zai ci.
Na ce ai ya tsufa.
Ya ce mota ba ta san tsufa ba, nauyi ta sani.

Da dare na yi lissafi a bayan takardar canjin aiki:
kuɗin ɗorawa, kuɗin saukewa,
da na mai gyara in hanya ta girgiza masa ciki.
Sun kusa sayen wani a can.

Ƙofarsa da robar taya muke ɗaure ta.
In an kawo wuta sai ya yi tari sau biyu
kafin ya tuna aikinsa.
Amma shi ya daskarar da zoɓon Lantana
shekara tara, har Sadi ya gama sakandare.
A cikinsa na adana allurar Baba
watan da zafi ya hana kaji kiwo.

Fanka na ba Ilu, da ma fiffike biyu gare ta.
Keken ɗinki, Lantana ta ce ko a cinyarta ne.

Saura shi.
Mai shago ya taya dubu goma sha takwas,
yana ƙwanƙwasa gefensa kamar mai zaɓen kankana.
Na ce ya dawo bayan la'asar.

Ga la'asar ta wuce.
Lantana na goge cikinsa da tsumma,
ba ta tambaye ni wa take goge wa ba.