Kada Ka Sa Mutum

Madam Afriyie ta ba ni bango, kamu goma sha biyu,
a sabon otal ɗinta da ke bayan Asawase.
Ta ce, "Zana mini Arewa.
Baƙina suna son dajin da ƙafa ba ta taɓa takawa ba.
Giwa, kuka, rana tana faɗuwa.
Amma kada ka sa mutum."

Na karɓi kafin alƙalami, sidi ɗari takwas.
Mai jin yunwa ba ya gardama da mai tukunya.

Na buɗe gwangwanin kore,
irin koren da rabona da shi a Walewale
tun ina bin tumakin Baba Sandau ba wando.
Na shimfiɗa ciyawa har ƙugu,
na cika tafki maƙil,
na jera kaɗanya bakwai, ko ɗaya ba sara a jikinta.

Ina kan tsani Goggo Lariya ta bugo waya.
Shuka biyu ta yi bana, duk sun mutu a rami.
Ta ukun ta kai gwiwa,
sai kogi ya zo cikin dare ba sallama,
ya tafi da geron, ya haɗa da rumbu.
"Shamuwa ta zo kan lokaci," in ji ta,
"ruwan ne ya ɓata lissafi."
Ta tambaye ni aikin me nake yi.
Na ce fenti.

Da la'asar babbar mota ta tsaya a ƙofar kicin.
Buhu arba'in, baki ɗaure da ganye.
Na san wannan gawayin, nauyinsa na kaɗanya ne.
Da shi za a gasa wa baƙi zabi
su ci suna kallon bangona,
suna cewa kai, can duniya ba ta lalace ba.

Daren ƙarshe, bayan mai gadi ya yi gyangyaɗi,
na ɗauki ƙaramin burushi.
A gindin kukar, inda duhu ya fi kauri,
na jingina fartanya mai karyayyar ƙota,
na kife ƙwarya kusa da ita.
Sannan na ja siririyar hanya daga nan,
ta ratsa ciyawa, ta nufo kudu,
ta fice ta gefen bango, wajen kicin,
inda 'yar Goggo, Fusaina, take wanke kwanuka tun watan jiya.

Da safe Madam ta gyara tabarau.
"Wancan fa, mene ne?"
Na ce inuwa ce.
Ta ƙirgo cikon kuɗina, ta ce in ƙara wa giwar haure.