Mai Alamar Yatsa

Ƙarfe huɗu na asuba a Aboabo,
kafin ladan ya gyara murya,
tanda ta riga ta yi ja.
Shekara ashirin da bakwai ina cuɗa ƙullu a nan,
ban taɓa auna gishiri da cokali ba.
Tafin hannuna ne mudu, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Yau ni ake aunawa.

Ran Talata, a asibitin Gee,
Sista Afrakoma ta danna mini ƙafa,
ramin yatsanta ya zauna, ya ƙi tasowa,
kamar ƙullun da yis ɗinsa ya mutu.
Ta ce, Maame, ƙodarki ta gaji.
Na ce, wa bai gaji ba a Kumasi?
Ba ta yi dariya ba. Takarda ta miƙo.

Ayaba, a'a. Kifin gishiri, ko ƙamshinsa.
Kontomire, sai an tafasa an zubar da ruwan.
Ruwan sha ma a kwalba mai zane.
Na bi layi da yatsa ina neman sunan sana'ata,
na same shi can ƙasa, a takure:
fari, yanka ɗaya.

Ka ji wani abu.
Da ciwon suga ya fara taɓa ni
cewa aka yi in bar fari, in koma ja mai dusa.
Na koma, na saba, har ina yabonsa ga masu saye.
Yanzu dusar ce ƙoda ba ta iya tacewa.
Jiki gidan haya ne, kowane ɗaki da dokarsa.

Tanimu, yaron da na koya wa murza,
shi ke riƙe da tanda yanzu.
Kullum, kafin ya watsa gishiri a baho,
yakan gutsuri ƙullu kamar dunƙulen hannun jariri,
ya danna masa babban yatsa a ka
don kada ya ɓace cikin 'yan'uwansa,
ya tura shi lungun tanda.
Ban roƙe shi ba. Ba mu taɓa zancen ba.

Lami ne. Wallahi lami ne.
Ranar farko na zaci audugar katifa nake tauna.
Amma a mako na uku
sai na ji alkamar da kanta,
wani ɗan zaƙi daga nesa, mai kunya,
wanda gishirina ya danne shekara ashirin da bakwai.

Gari ya waye. Masu tire sun ɗauka,
bodobodo mai zafi ya nufi Kejetia a bisa kawuna.
Rafatu maƙwabciya ta miƙo mai bota:
ci mana, loma ɗaya ba ta kashe mutum.
Na ce, ki ci mini, ki ba ni labari.

Na zauna kan bencina da shayi rabin kofi,
na raba nawa gida huɗu.
Wurin yatsan nake bari ƙarshe.