Bencin Baya

Ran da ɗan acaɓa ya sauke ni a wani ƙauye bayan Miga,
takardar kama aiki na cikin leda saboda ruwa,
na tarar da wilin mota rataye a reshen darbejiya,
shi ne ƙararrawa.
Aji uku aka ba ni. Na ƙirga kawuna, tamanin da bakwai.
Na sake ƙirgawa ko za su ragu. Ba su ragu ba.

Malam Inuwa Barde, saura shekara biyu ya ajiye alli,
ya shigo da sallama ƙasa-ƙasa,
ya matsar da Ilu da Tasalla, ya zauna a bencin baya,
gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.
Ni kuwa na juye duk abin da kwaleji ta ɗura mini,
na cika allo daga wannan kusurwa har waccan.
Da aka buga wili, yara suka watse
kamar an jefa hoge cikin garken jan-baki.

Na jira faɗa. Sai ya ce, "Zo mu sha fura."
A gindin darbejiya ya tambaye ni,
"Yarinyar nan ta bakin taga, yaya sunanta?"
Ban sani ba.
"To, allo ka koyar yau, Ɗahiru, kuma allo ya gane."
Ya yi dariya, ya miƙo mini ludayi.

Tsarin darasina, da fensir yake duba shi,
bai taɓa sa jan biro ba.
Ya ce kuskuren sabon shiga, a bar masa hanyar gogewa.
Shi ya nuna mini yadda ake shafe allo da baƙin batir,
da yadda 'ya'yan tsamiya goma a tafin yaro
suka fi lamba goma a bakina.

Da shinkafa ta fara nuna, rajista ta rame,
rabin ajin na fadama suna korar tsuntsu.
Na yanko tsumagiya.
Ya karɓa, ya auna tsawonta, ya ce ta yi daidai da nuna baƙi a allo.
Da la'asar ya goya ni a kekensa,
muka bi kunya-kunya muna gaida iyaye,
laka har ƙauri, wandona ɗaya ne kuma.
Ranar Litinin mutum tara suka dawo. Ba duka ba. Tara.

Wata uku albashi bai zo ba, ban faɗa wa kowa ba.
Na iske kwano biyu na shinkafa a ƙofar ɗakina.
Da na je godiya ya ɗaure fuska:
"Bashi ne. Wanda zai zo bayanka za ka biya."

Sai wata Laraba, ana yayyafi, kwanon rufi na ɗiga a tsakiyar aji,
Tasalla ta bakin taga ta miƙe,
ta karanta jimla guda tun daga farko har aya,
ba ta tsaya ba, ba ta dube ni ba.
Na juya da sauri in ga fuskar Malam.
Ilu ne kawai a bencin, ya baje, yana tauna bakin biro.
Na ce, "Ina Malam?"
Ya ce, "Ai ya fi sati uku bai zauna nan ba."

Ta katanga ina jin muryarsa a aji biyar,
yana jan sunayen yara ɗaya bayan ɗaya.
Na ɗauki alli. Na ce, "Tasalla, ƙara mana."